Masani ya riga ya faɗa: wa ke da ikon cewa a tashi?

Injiniya Kabiru: Assalamu alaikum jama'a. Duk sanda dam ya fashe ko ambaliya ta ci gari, maganar da hukumomi ke fara yi ita ce abin ya zo ba zato ba tsammani. Ni kuwa a iya bibiyata, da wuya ka tona ba ka tarar da wani masani na wurin da ya riga ya yi gargaɗi ba. Ku ɗauki Derna ta ƙasar Libiya. Daren 10 ga Satumba 2023 wayewar 11, guguwar Daniel ta sauke ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsu biyu da ke saman garin suka fashe ɗaya bayan ɗaya, ruwan ya ratsa tsakiyar gari ya kwashi unguwanni ya zuba a teku. Gawarwakin da aka tabbatar sun haura 4,000, dubbai kuma ba a gan su ba. Madatsun tun shekarun 1970 aka gina su. A 2022, shekara guda kacal kafin abin, wani malamin Jami'ar Omar Al-Mukhtar, Abdelwanees Ashoor, ya wallafa bincike ya ce madatsun na buƙatar gyara, kuma in babbar ambaliya ta zo a haka, mutanen kwarin za su shiga bala'i. Ɗan ƙasa ne, ya san kwarin, ya rubuta. Tambayata ita ce, tsakanin rubutun masani da matakin hukuma, ina maganar take maƙalewa?

Sadiq: Wa alaikumus salam Injiniya. Amsar a fili take ai. Ɗan gida ba ya da daraja a idon masu mulki. Da wani kamfanin waje ne ya zo da kwamfuta da tulin takardu ya faɗi daidai abin da malamin nan ya faɗa, aka biya shi da dala, wallahi da an saurara.

Dakta Lawal: Sadiq, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, amma ba ta isa ba. A duba Valencia ta ƙasar Sifaniya, ranar 29 ga Oktoba 2024. Nan babu zancen ɗan gida da baƙo, babu zancen talauci ko yaƙi. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ta fitar da gargaɗi mafi tsanani, mai jan launi, tun kafin ƙarfe 8 na safe. Jami'ar Valencia ta ɗauki maganar da muhimmanci, ta soke darussa. Amma saƙon gaggawa da ake turawa wayoyin jama'a bai fita ba sai ƙarfe 8:11 na dare, lokacin mutane na kan rufin motoci, wasu ruwa ya rutsa da su a garejin ƙarƙashin ƙasa sun je fito da mota. Sama da mutum 220 suka mutu. Masana sun yi nasu, na'ura tana nan lafiya lau. Wanda zai ce a tura saƙon ne ya tsaya jan ƙafa.

Sadiq: To ai duk kanwar ja ce Dakta. 'Yan siyasa ne matsalar ko a ina.

Baba Ɗanladi: Yarana, ku bar ni in faɗi ta ɓangaren da kuke zagi, tunda na zauna a kujerar ofis har na yi ritaya. Ku kuna ganin rahoto ɗaya ne, wanda ya zama gaskiya daga baya. Wanda ke kan kujera yana da tuli a gabansa. Na gada ya ce gada za ta rushe, na asibiti ya ce rufi zai faɗo kan marasa lafiya, na dam ya ce dam zai fashe, kowanne ya rubuta "gaggawa" da manyan baƙaƙe, kuɗin da ke ƙasa kuma ba zai yi ko rabinsu ba. Bayan abu ya faru kowa malami ne. Sannan kwashe mutane ba wasa ba ne. Ka ce wa dubban jama'a su bar gidajensu, ɓarayi su shiga, mai ciki ta haihu a hanya, kasuwa ta tsaya, ruwan kuma bai zo ba. Gobe ka sake cewa a tashi, wa zai ji ka? Injiniyan da ya ba ka shawara yana gidansa, kai za a nuna wa yatsa.

Maman Ilham: Baba ya yi gaskiya a nan. Mutum ya tashi sau ɗaya a banza, na biyu sai ya ga ruwa a tsakar gida.

Injiniya Kabiru: Ranka ya daɗe Baba, ban musa ba. Amma rahotannin nan ba nauyinsu ɗaya ba, kuma akwai hanyar tantancewa. Dam ɗin ƙasa yana da alamomin da ko ɗan koyo ya sani. Ka zagaya gindinsa ta baya, wajen da ruwa ke tsattsafowa. Kusan kowane dam yana ɗan yoyo, wannan ba abin tsoro ba ne muddin ruwan garau yake kuma yawansa bai canza ba. Ranar da ka tara kwalba ka ga ruwan ya yi jaja-jaja, ka ajiye ta ka ga laka ta kwanta a ƙasa, to ruwa ya fara cin cikin bangon, yana fitar da ƙasar da aka gina shi da ita. Ramin yana faɗaɗa ne daga ciki, ba ka ganinsa daga sama. Ga bishiyoyin da aka bari suka girma a jikin bango, saiwarsu ta ruɓe ta bar hanya. Ga suri da ramukan gafiya. Ga ƙofofin sakin ruwa da suka yi tsatsa don ba a taɓa gwada su da rani ba, ranar da ake buƙata a ga ba sa motsi, ko janareto babu mai. Rahoton da ya ce "ruwan yoyo ya canza launi, ya ninka cikin mako guda" ba a haɗa shi layi ɗaya da na fentin ofis. Matsalar ita ce takardar tana bin matakala bakwai kafin ta kai sama, kowane mataki yana rage mata zafi don kada a ce ya ɗaga hankalin oga.

Baba Ɗanladi: Wannan na rage zafi kam na gani da idona. "Akwai haɗari" takan koma "ana ci gaba da sa ido."

Dakta Lawal: Game da tashi a banza, ga misali. A Fabrairun 2017 an kwashe kimanin mutum 188,000 daga ƙasan dam ɗin Oroville a Kaliforniya, saboda mafitar rarar ruwa ta ko-ta-kwana ta fara zaizayewa. Dam bai fashe ba, bayan kwana biyu aka ce su koma. Shin a banza aka tashe su? Ni ban ga haka ba. Abin ban haushin ma shi ne tun 2005 wasu ƙungiyoyin kare muhalli suka nemi a yi wa mafitar nan daɓen kankare, aka ce babu buƙata.

Zainab A.: Ina ta karantawa ban sa baki ba. Ni a ganina duk kun yarda da abu ɗaya ba ku lura ba: kun bar hukunci a hannun mutum ɗaya, a daren da ya fi kowane dare ruɗani. Gwamna ne ko shugaban ƙaramar hukuma, ƙarfe biyun dare, waya na ta ƙara, wannan ya ce a tashi, wancan ya ce a jira. Ko waliyyi ne zai yi jinkiri. Abin da ya dace shi ne a yanke hukuncin tun da rani, hankali kwance. Masana su zauna da hukuma da wakilan jama'a a rubuta: in ruwa ya kai mita kaza a ma'auni kaza, ana rufe makarantu da gadoji. In ya kai kaza, saƙo na fita, motoci na tashi, ba sai an nemi izinin kowa ba. A sa hannu, a buga, kowa ya sani. An gwada wannan a Bangaladash a Yulin 2020 a kan kogin Jamuna. An amince tun farko cewa hasashen kwana 10 zai sa a shirya, hasashen kwana 5 na ma'aunin ruwan kogin da ke Bahadurabad zai sa a fara aiki. Da alamar farko ta cika, asusun gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya saki dala miliyan 5.2 cikin awa 4, dubban gidaje suka samu kuɗi a waya kafin ruwa ya kai ƙololuwa. Wannan tsarin yana kare ɗan siyasar ma, Baba. In ruwa bai zo ba, sai ya ce ƙa'idar da muka sa wa hannu tare ce ta yi aiki.

Baba Ɗanladi: 'Yata, kin kawo magana. Amma ki sani mai mulki ba ya son takardar da za ta ɗaure masa hannu. Kuma wa ya zaɓi injiniya? In masana ne za su riƙa rufe gari, gobe wa jama'a za su tuhuma?

Zainab A.: Ba masana ke rufewa ba Baba. Zaɓaɓɓu ne suka amince da ƙa'idar, masana awo kawai suke yi su faɗa. Bambancin shi ne an yi muhawarar a watan da babu hadari.

Barista Hauwa: Bari in shigo ta nan, don maganar tuhuma fagena ce. Mu yi hattara da kiran a ɗaure wane a ɗaure wane. A Italiya, bayan girgizar ƙasar L'Aquila ta 6 ga Afrilu 2009 da ta kashe mutum 309, kotu ta yanke wa masana kimiyya shida da jami'in gwamnati ɗaya shekara shida-shida a 2012. Mutane da yawa sun ɗauka don sun kasa hasashen girgizar ne. A'a, tuhumar ita ce bayan taron da suka yi kwana shida kafin abin, an kwantar wa jama'a da hankali fiye da kima, har wasu suka kwana a gida maimakon waje. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta sallami masanan shida, ta bar jami'in da hukuncin shekara biyu. Abin da nake ɗauka daga nan biyu ne. Masani ya guji zama a bayan ɗan siyasa yana gyaɗa kai ana cewa "babu abin damuwa" alhali bai faɗi haka ba. Sannan doka ta ba shi kariya in ya faɗi gaskiya da kyakkyawar niyya, ko da hasashen bai tabbata ba. In ba haka ba kowa zai koma rubutu mai harshen damo, wanda ko me ya faru zai ce ai na faɗa.

Sadiq: Barista, amma a Derna an ɗaure jami'ai ai.

Barista Hauwa: An ɗaure 12 a Yulin 2024, daga shekara 9 zuwa 27. Ihu bayan hari. Ni dokar da nake so ita ce wadda ke aiki kafin ruwa: duk rahoton lafiyar dam a fitar da shi fili, kuma hukumar da aka kai wa ta ba da amsa a rubuce cikin wa'adi, ko ta gyara ko ta faɗi dalilin ƙin gyarawa, da sunan wanda ya sa hannu.

Malam Buba: Salamu alaikum. Ni ba ni da digiri, amma na yi aikin karanta ma'aunin ruwa a wani kogi shekaru masu yawa. Sanda ce mai lambobi a jikin ginshiƙin gada, safe da yamma in je in duba in rubuta a littafi. Kuna ta cewa masana, masana. Lambar da masanin ke sa wa a kwamfuta daga littafin irina take fitowa. An yi lokacin da aka daina biyan mu alawus, ambaliya ta karya rabin sandar ba a sake ta ba, wasu abokan aikin suka koma cika littafi daga gida. Wanda ke birni bai sani ba, yana ta lissafi da lambar ƙarya. Kuma masunta da masu kwale-kwale sun fi ni sanin kogin. Su za su ce maka in ruwa ya zo da kumfa da karmami da launin ƙasar da ba ta nan ba, an yi ruwa mai yawa a sama, gobe zai iso. Su suka san ta wace kafa ruwa ke fara shiga gari. Ban taɓa ganin an kira su taro ba.

Dakta Lawal: Malam Buba, Allah ya saka da alheri, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ma'aunan koguna sun lalace a ƙasashe da dama, tauraron ɗan'adam kuma ba ya maye gurbinsu, da su ake gyara lissafinsa. Batun sanin mutanen wuri kuwa, tsibirin Simeulue na Indonesiya ya ishe mu hujja. Igiyar tsunami ta halaka su a 1907, sai suka sa labarin cikin waƙoƙi da tatsuniyoyin da ake yi wa yara: in ƙasa ta girgiza, teku ya ja baya, a gudu kan tudu. A Disambar 2004 tsibirin na kusa da inda girgizar ta taso, mutanensa sun haura 70,000, amma 7 ne kawai igiyar ta kashe.

Injiniya Kabiru: Na yarda, amma kada mu wuce gona da iri. Sanin dattawa an gina shi ne a kan kogin da suka sani. Yau an yi dam a sama, an sare daji, an yi gini a hanyar ruwa, ruwan wata guda yana sauka a kwana ɗaya. Dattijo zai ce maka tun kakanninsa ruwa bai taɓa wuce tsamiyar can ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma bana zai wuce. Masunci ba zai ga an buɗe ƙofar dam a wata ƙasa ba, kamar yadda sakin ruwan dam ɗin Lagdo na Kamaru ke ƙara wa kogin Binuwai nauyi. Kowanne da makantarsa. Mai kwamfuta ya san yawan ruwan da ke tafe, masunci ya san inda zai bi.

Maman Ilham: Dam ɗin Alau fa? Ba ku ce komai ba.

Injiniya Kabiru: Shi ma layin ɗaya ne Hajiya. Ya taɓa jawo wa Maiduguri ambaliya a 1994, ya sake a 10 ga Satumba 2024, ruwa ya shiga asibiti, gidan yari, gidan namun daji, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu. Shekara 30 tsakani. Wanda ya ga ta farko yana saurayi ya ga ta biyu da jikoki. Wannan tazarar ita ce ke kashe shiri, don ta fi wa'adin kowace gwamnati tsawo.

Sadiq: Kuma gyara ba a yanka masa kyalle. Sabon dam ana kiran 'yan jarida, a kafa allo da suna. Wa zai zo ɗaukar hoton wanda ya shafa wa ƙofa giris?

Dakta Lawal: Shi ya sa wasu suka raba kuɗin ruwa da siyasar shekara-shekara. A Holan akwai hukumomin ruwa na yankuna da asalinsu ya kai ƙarni na 13. Suna da zaɓensu, suna karɓar harajinsu da kansu, aikinsu shingayen ruwa da magudanai da tsaftar ruwa. Minista ba zai ɗauke kuɗin shinge ya kai filin wasa ba. Duk da haka sai da ambaliyar 1953 ta kashe mutum 1,836 kafin suka yi manyan ayyukan da ake yabonsu da su yau, kada a ɗauka su ma haka kawai suka waye.

Baba Ɗanladi: Dakta, Holan masu kuɗi ne. Ka kawo wanda talaka zai iya.

Zainab A.: Bangaladash ce dai Baba. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. A 1972 aka kafa shirin 'yan sa-kai na gargaɗin guguwa, gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent ke tafiyar da shi tare. Yau suna da 'yan sa-kai sama da 70,000. Kayan aikinsu tuta, lasifika, keke, rediyo. Hukumar yanayi ta ba da lamba, su kuma su bi gida-gida. Ba a dare ɗaya abin ya kankama ba, don a 1991 an sake rasa kimanin 138,000. Amma a 2007 guguwar Sidr ta kashe 'yan dubbai, a 2020 kuma kafin guguwar Amphan ta iso an kwashe sama da mutum miliyan 2, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 100 ba. Wanda ke buga maka ƙofa maƙwabcinka ne, ka san shi, ka san ba zai tashe ka don wasa ba.

Hajiya Turai: Duk na ji, amma ku maza kuna magana kamar da an ce a tashi sai a tashi. A tashi a je ina? Mace da yara biyar, da tsohuwa da ba ta iya tafiya, maigida ba ya nan, a ce ta je ta kwana a aji ɗaya da mazan da ba ta sani ba, babu banɗaki, babu fitila? Da yawa sun ji gargaɗin sarai, zama suka zaɓa don sun auna sun ga wurin gudun ma haɗari ne. Ga dabbobi. Wanda duk abin da ya mallaka shanu biyu ne da awaki ba zai bar su ya hau mota ba, ko me injiniya ya ce.

Zainab A.: Hajiya, wannan shi ne ainihin abin da ya faru a 1991, matan da suka mutu sun fi maza nesa ba kusa ba. Daga baya ne aka ƙara mata cikin 'yan sa-kai har suka kai rabi, aka fara ware musu ɗakuna da banɗaki a sababbin mafaka. Dabbobi kuma ana tara musu tudun ƙasa kusa da mafakar, mai shanu ya ɗaure su inda idonsa ke kai.

Injiniya Kabiru: Wannan tudun ba ya cikin abin da aka koya mana a aji. Lissafinmu yana ƙarewa ne a tsayin ruwa da awannin da suka rage.

Hajiya Turai: To in za a yi zaman rani da Zainab ta ce, a kira mu tun ranar farko, ba sai an gama rubutu a zo a karanta mana ba. Kuma a yi shi da rana, ba bayan isha'i ba.

Baba Ɗanladi: Saura wanda zai biya kuɗin man motocin kwashe mutanen. A kasafin wace hukuma za a sa shi, ta ruwa ko ta agajin gaggawa? Don na san kowacce za ta ce na ɗayar ne.

Barista Hauwa: A rubuta shi cikin takardar ƙa'idar, Baba, layi ɗaya da lambar ma'aunin: hukuma kaza, asusu kaza, mai sa hannu wane, in ba ya nan mataimakinsa wane. Malam Buba, alawus ɗin masu karanta ma'auni ma a nan ya kamata ya shiga.

Malam Buba: Da sabuwar sanda, Barista. Da fitilar hannu, don ruwa ya fi tashi da dare.